Azumi a Teburin Mirdza

Mutum na farko da na ga an tayar daga kujera da yaren ƙasar Latbiya wani tsoho ne mai suna Yanis, a wani gida da ke Edgbaston, can Birmingham. Ƙaton mutum ne, tsufa ya cinye namansa amma ƙashin yana nan da nauyinsa. Lokacin sabuwa ce ni fil a aikin care, wato bin tsofaffi gida-gida, a yi musu wanka, a shirya su, a ba su abinci da magani. An haɗa ni da wata 'yar Latbiya mai suna Ilze, don Yanis ba ya tasuwa da mutum ɗaya. Na tsaya a gabansa na ce "get up" yadda aka koya mana, na maimaita, na ƙara murya. Ya bi ni da kallo kamar na zo karɓar haraji. Ilze ta matso ta dafa kafaɗarsa, ta faɗi wata doguwar kalma a hankali, sai ga mutum ya kama hannun kujera ya miƙe tsaye. Da muka fito na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce abin da na faɗa shi ta faɗa, ita dai ta faɗe shi ne da yaren da ya rage masa.

Yanis ya fi rabin rayuwarsa a Ingila, a masana'anta ya yi aiki har ya yi ritaya, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Amma ciwon mantuwa haka yake yi wa wasu. Yaren da mutum ya koya daga baya shi yake fara tuɓe masa, kamar rigar sama, ya bar shi da wanda uwarsa ta yi masa magana da shi. Akwai irinsu a garuruwan nan, waɗanda aka kawo suna yara bayan babban yaƙin duniya, yanzu sun tsufa a cikin gidajensu, 'ya'yansu kuma Turanci suka tashi da shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, ƙannena ne matan ɗalibai da suke zuwa sababbi suna neman aiki. Kwanaki a wani gidan suna a Fallowfield, nan Manchester, wata amarya ta ji ana cewa ni ake turawa gidajen 'yan Latbiya, ta ce, "Yaya Rukayya, ai ke kin huta. Tashi, zauna, kwanta, shi ke nan fa? Wannan ko waya ta fassara miki." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban iya gardama a taro ba, bakina rawa yake yi, shi ya sa na ce bari in rubuta a tsanake.

Ni ba 'yar boko ba ce. A firamare na tsaya, sai Islamiyya, sai taya Ummanmu sayar da abinci a Fagge. Turancina a nan ƙasar na tsince shi, a bas da layin ganin likita da ƙofar makarantar yara, bayan na biyo maigidana, Baban Hanifa, da ya zo karatu. Abin da na fara lura da shi a wurin aiki shi ne, Turancin kula da tsoho ba manyan kalmomi ba ne. 'Yan gutsattsari ne guda bibbiyu: get up, sit down, turn over, put on, take off. Bature yana jefo su kamar gyaɗa, bai ma san ya faɗa ba. Idan za ki mayar da su Latbiyanci kuwa, kowanne sai ya zama doguwar kalma mai wutsiya. Ban iya rubuta su da ɗige-ɗigensu ba, yadda kunnena ya ji zan rubuta muku. Tashi tsaye, piyetseliyetiyes. Zauna, apsediyetiyes. Kafin ki gama faɗa shayi ya huce.

Kuma ba a musanya su ɗaya da ɗaya kamar canjin kwano. Wata safiya ina shirya Yanis, na koyi kalmar sa riga, ina ta murna, sai na miƙa masa tabarau na faɗi kalmar. Ya juya tabaran yana neman hannun riga a jikinsa. Ilze ta ce, "A'a. Riga ja ake yi a jiki, tabarau ɗorawa ake yi, fitila kunnawa ake yi. Bature ne kawai yake kiran su duka put on." Daga ranar na daina tambayarta ma'anar kalma. Sai in riƙe abin a hannuna in ce, wannan fa, idan ina so ya yi kaza da shi, me zan ce?

Ilze ba malama ce mai lallashi ba. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, idan kin yi daidai ba za ta yaba ba, gyaɗa kai kawai za ta yi. Idan kin yi kuskure za ta sa ki maimaita a mota har ku isa gida na gaba. Abu biyu ta kafa mini. Na farko, ki durƙusa idonki ya yi daidai da na tsoho kafin ki buɗe baki. Na biyu, kalma ɗaya a lokaci ɗaya, ki jira ta isa. Ta ce maganar tana tafiya ne a ƙafa a cikin kansu, idan kin turo wata a bayanta sai su yi karo.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Safar hannu, rigar leda ta gaba, takalmi rufaffe mai kama ƙasa, injin ɗaga wanda ba ya iya tashi, da wayar kamfani da ake danna shiga da fita. Ita wayar fassara da amaryar nan take faɗa, na gwada ta. Ki hango kanki a banɗaki, hannunki ɗaya a ƙarƙashin hammatar tsohuwa, ɗayan da sabulu, ƙafarta tana zamewa. Da wane hannun za ki danna? Kuma muryar da ke fitowa daga waya tsoro take ba su, sai su yi ta waige suna neman wanda ya shigo. Dole kalmar ta zauna a bakinki, ta fito kafin ki yi tunani. Ni yadda muka yi hadda a Islamiyya haka na yi da su. Ilze ta faɗa mini a saƙon murya, in sa musu kari, in yi ta rerawa ina wanke-wanke. Har Hanifa da ƙaninta Sadik suka haddace, idan na ce su zo su ci abinci sai su ce mini paldiyes, wato na gode.

Da Baban Hanifa ya gama karatun Birmingham ya samu gurbi a jami'a a Manchester, muka tattaro muka dawo unguwar Hulme. Na shiga wani kamfanin care ɗin, na faɗa wa manajarmu Sandra cewa ina jin 'yan kalmomin Latbiya. Ta ɗaga kai daga kwamfuta ta ce, "Da gaske? To akwai wadda ta gagare mu."

Sunanta Mirdza. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi ɗaure a ƙeya, ita kaɗai a flat ɗinta na ƙasa, tana tafiya da ƙarfen dogarawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya, Peter, yana zaune wajen Stockport da iyalinsa, yana zuwa ƙarshen mako ya cika firji. Tana da ciwon suga, kuma magungunanta ba a shan su sai da abinci a ciki. Matsalar ita ce ba ta cin abin da aka ajiye mata. Za a ɗumama, a jera a tire, a ce mata ta ci, a dawo da rana a tarar da shi yadda aka bar shi.

Ranar da na fara zuwa na ce labrit, barka da safiya. Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙasa, idonta ya tsaya a kan takalmina. Ta nuna wani kwando a bakin ƙofa cike da silifas na ulu. Dokar aiki ta ce kar a cire takalmi, amma ni ɗin da aka haifa a gidan da ba a taka tabarma da takalmi, ƙafata da kanta ta fita. Na zura silifas. Ta wuce gaba ƙwas-ƙwas da ƙarfenta, na bi ta kicin. Ta ɗauko faranti biyu ta ajiye. An riga an gaya mini tana yin haka, wai mijinta take ajiye wa. Ta buɗe wani ƙyalle ta fito da burodinsu, baƙi ne, mai nauyi, mai ɗan tsami, ta yanka ta shafa bota. Sai ta turo faranti ɗaya gabana, ta naɗe hannu, ta zuba mini ido.

Na yi shekaru ina kallon masu cin abinci a rumfar Umma. Na san kallon mai jiran a ba shi, na san kallon mai jiran ka fara. Wannan na biyun ne. Farantin nan ba na mamaci ba ne, na duk wanda ya shigo ne. Na ja kujera na zauna, na yi bisimilla a zuciyata na gutsira. Sai da ta ga na haɗiye sannan ta ɗauki nata. Ta cinye tas, ta sha magani, ta ce mini meitin, wato 'yata.

A wurin Mirdza, duk wanda ya shigo gidanta baƙo ne, kuma mai gida ba ta cin abinci baƙo yana tsaye a kanta da rigar leda. Ba mu da izinin cin abincin waɗanda muke kula da su, don haka na je na faɗa wa Sandra komai, har da batun takalmin. Ta kira Peter, ya ce in dai mahaifiyarsa za ta ci, in cinye firjin ma bai damu ba. Aka amince. Silifas a tebur, takalmin aiki a banɗaki. Na roƙe shi abu ɗaya, ya ware naman alade a gefe guda, ya kuwa sayo wata roba mai murfi ja don shi kaɗai. Aka ba ni safiya da rana, na yamma kuma duk wadda take da sarari ta leƙa. Ko ba ta ci na yamma sosai ba, na safe da na rana sun riƙe ta. Haka muka yi watanni lafiya lau, har kumatunta suka ciko.

Shekarar da ta fi ba ni wuya a aikin nan ita ce wadda azumi ya fara riskata a gidan Mirdza. Ya faɗo ne a ƙarshen sanyi. Ni da nake lissafin komai tun kafin ya zo, kayan makarantar yara, katin bas, maganin tari, wallahi ban kawo wannan a raina ba sai da na zauna a teburin nan ranar farko, ta turo mini faranti.

Na ce mata ediyet, ludzu, wato ki ci, don Allah. Kalmomin daidai suke, na faɗe su yadda ya kamata. Ta naɗe hannu tana jira. Na ɗauki kofin shayi na kai kusa da baki na ajiye. Ta miƙo wuya ta leƙa kofin, ta dube ni. Mai ciwon mantuwa tana iya manta sunan ɗanta, amma ba za ki yi mata wayo a teburinta ba. Ranar da ƙyar na samu ta ci rabin ayaba don magani.

Na kira Ilze a hanya. Na ce, "Yaya ake cewa azumi?"

Ta ce, "Gavenis. Wanda Kirista suke yi kafin Ista. Tsofaffi sun san shi."

Washegari na durƙusa a gabanta, na dafa ƙirjina na ce gavenis. Fuskarta ta canza. Ta gyaɗa kai a hankali irin na girmamawa, ta shafa hannuna. Na ce alhamdulillahi, ta gane. Sai ta miƙe ta ɗauke farantina, ta ɗauke nata, ta naɗe burodin a ƙyallensa ta mayar cikin kabad. Ta dafa nata ƙirjin ta ce, "Gavenis." In baƙuwarta tana azumi, to gidan gaba ɗaya azumi ake.

Kalmar da ba na so ta riƙe, ita ta riƙe. Kullum ta gan ni a ƙofa sai ta ɗaga yatsa ta ce gavenis, ta ƙi ko kallon kicin. Na yi lallashi, na yi nuni, na sa Peter ya yi mata magana a waya da ɗan guntun yaren da ya rage masa tun na yarinta. A banza. Siket ɗinta ya fara juyawa a ƙugunta. Wata rana da azahar na same ta a kujera tana gumi, hannunta yana karkarwa, idonta ya yi wani iri. Na ɗura mata ruwan lemo mai zaƙi a hankali yadda aka koya mana, na kira nas, na kira ofis. Allah ya taƙaita.

Peter ya zo a ranar. Mutum ne mai sanyin hali, kansa ya fara furfura, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota. Ya ce, "Rukayya, ba laifinki ba ne, kuma ba zan ce ki bar ibadarki ba. Amma akwai gidan tsofaffi da suka ce suna da ɗaki, za su riƙe mini zuwa ƙarshen wata. Na yi magana da council, wato hukumar gari. In ba ta koma cin abinci ba, zan karɓa."

Na san abin da hakan yake nufi. A can babu kwandon silifas, babu kabad ɗinta, babu wanda za ta yanka wa burodi. Tire za a ajiye mata a gaba. Matar da ba ta ci a tire a gidanta ba, a can ne za ta ci?

Sandra ta gwada turo wasu da safe. Suka zauna, amma ba su da ko kalma ɗaya, suna ta yi mata Turanci da ƙarfi, ita kuma ta ɗauka ma'aikatan gyaran famfo ne, ta nuna musu banɗaki. Na ga dai abin da ake buƙata mutum ce mai ci da rana, mai haƙurin zama, wadda kuma za ta yarda in cusa mata kalmomi cikin 'yan kwanaki. Mutum ɗaya na sani, Anti Blessing.

Anti Blessing 'yar Jos ce, ta girme ni nesa, ta daɗe a kamfanin, Hausarta ta fi ta wasu Kanawan daɗi. Murya gare ta kamar lasifika. Na tare ta a wajen ajiye motoci na zayyana mata.

Ta ce, "Maman Hanifa, kin manta mu ma muna namu azumin?"

Na ce, "Wayyo Anti, har ke?"

Ta kwashe da dariya. "Nama na bari, ba burodi ba. Ke komai sai ki firgita. To ke kuma ina za ki?"

Na ce in ta riƙe mini safiya da rana a gidan Mirdza, zan karɓi nata na yamma a gidajen da take zuwa kusa, in haɗa da na Mirdza a daidai shan ruwa. Da bakina na faɗa, amma sai da na hau bas na tuna abin da na sayar. Shan ruwa a gida, da yara, da kunu da ƙosan da nake yi. Da na gaya wa Baban Hanifa sai ya ce, "Wato ni zan dama kunu ke nan." Na ce zan dama in bari a fulas. Ya ce to ƙosai fa? Na ce ƙosai sai bayan salla. Allah ya saka masa, bai ƙara magana ba. Yaran ne dai suka yi ta kai ƙarata da Turancinsu na Manchester, wai Baba taliya kawai ya iya, kuma har ita yana ƙonawa.

A motar Anti Blessing muka yi makarantar, tsakanin gida da gida. Ban ɗora mata da yawa ba. Gaisuwa, don Allah, na gode, zauna, ci, da lenam, wato a hankali. Ina rerawa tana amsawa, ina buga cinya.

Ta ce, "Ke, wannan ai karatun allo ne. So kike ki musuluntar da ni ta bayan gida?"

Na ce, "Anti, ki dai ce apsediyetiyes."

"Absede... me? Mutanen nan ba su da tausayi. Tsoho yana son ya zauna sai an karanta masa wasiƙa?"

"Kuma don Allah ki rage murya."

"Muryar da Allah ya ba ni?"

Na kawo mata yankin burodin ta ɗanɗana tun a mota, kar ta je ta ɓata fuska a gaban matar. Ta tauna, ta tauna, ta ce wannan in aka jefi mutum da shi sai an je asibiti. Amma ta haɗiye.

Ranar da za ta fara, ban shiga ba, don Mirdza tana ganina za ta rufe kabad. Na laɓe a baranda, aka bar ƙofar a ɗan buɗe. Ina jin Anti ta ce labrit da wata siririyar murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. Na ji kwando ya motsa. Na ji ƙwas-ƙwas zuwa kicin, na ji faranti biyu sun sauka a tebur. Sai Anti ta ja numfashi ta saki kalmar zama, ta fito a karkace, kai a ƙafa, ƙafa a kai. Na dafe kaina.

Sai na ji abin da ban taɓa ji ba a gidan, Mirdza tana dariya har da tari. Ta faɗi kalmar daidai, gaɓa-gaɓa, tana buga tebur da cokali. Anti ta maimaita, ta sake ɓatawa. Mirdza ta sake gyarawa. Daga baya Peter ya gaya mana cewa shekaru da yawa ita ce take koya wa yaran 'yan Latbiya yarensu ranar Asabar. Ta samu ɗaliba mai taurin kai, ta kuma samu baƙuwa mai ci. Tsakanin gyara da gyara ina jin wuƙa tana yanka burodi.

Da Anti ta fito tana goge baki ta ce, "Yanka uku ta ɗura mini. Ita ta ci biyu da ƙwai. In na yi ƙiba ke za ki saya mini sababbin kaya."

Na yamma kuma ya zama nawa. Nakan iso rana tana gab da faɗuwa, in taimaka mata ta wanke hannu, in ɗumama miya, ita ta jera faranti. Ranar farko da ta ɗaga yatsa za ta ce gavenis, na riga ta. Na ja ta zuwa tagar kicin na nuna mata jan da ke bayan dogayen gidaje, na faɗi kalmar da Ilze ta turo mini da safe, pagaidiyet, wato ki jira. Muka tsaya muna kallo. Da wayata ta nuna lokaci ya yi na ce tagad, yanzu. Na fito da dabino na ci, na ba ta rabin ɗaya saboda sugarta, na ja farantina. Ta dube ni, ta dubi taga, ta zauna ta ɗauki cokali. Bayan 'yan kwanaki ba na ma nunawa. Ina shigowa za ta jera komai, ta juya kujerarta ta fuskanci taga, ta zama ita ce mai gadin rana. Sallar magariba a ɗan lungun falonta nake yi, tana zaune tana jirana da shayi.

Ana saura kwana kaɗan wata ya ƙare Peter ya zo da yamma ba tare da ya sanar ba. Nas ta riga ta gaya masa nauyinta ya fara dawowa, amma ya ce yana so ya gani da idonsa kafin ya ba gidan tsofaffin amsa. Mahaifiyarsa ta nuna masa kwando, ya cire takalmi ya zura silifas da suka yi masa kaɗan. Ta ƙara faranti na uku. Muka zauna, miya tana tururi, burodi a yanke a tsakiya, ba wanda ya taɓa. Ni kuwa na san abin da yake gani: tebur cike da abinci, tsohuwa ta juya masa baya tana kallon taga. Na buɗe baki zan yi bayani, Turancin ya gudu.

Ya gaji da jira, ya miƙa hannu zai ɗauki burodi, wataƙila don ya ja ta ta fara. Ko juyowa sosai ba ta yi ba, ta kai masa duka a bayan hannu, tas.

"Pagaidi!"

Ya janye hannun da sauri yana dubana. Na ce, "Cewa ta yi ka jira."

Ya ce, "Wannan na san shi. Da shi na girma."

Muka jira mu uku. Jan ya dushe, fitilun titi suka kama. Tun kafin wayata ta yi ƙara ta waigo tana tambayata da ido, na duba, na ɗaga mata yatsa alamar saura kaɗan. Ta yi tsaki irin na wadda rana ta ɓata wa lokaci. Da ƙarar ta tashi ta buga tebur da tafin hannu ta ce, "Tagad!" Ta tura mini burodi, ta tura wa ɗanta, sai da ta ga mun kai baki sannan ta ja kwanonta. Ta shanye miyar, ta goge kwanon da ɓawon burodi, ta miƙo mini a ƙara.

Peter bai ci da yawa ba, kallonta yake yi. Da na tashi kwashe kwanuka ya biyo ni kicin da kofuna, ya tsaya yana neman inda zai ajiye. Ya ce, "Gobe zan kira su in ce su ba wani ɗakin." Na ce to. Na ci gaba da wanke kwanon da na riga na wanke.

Mirdza tana nan a gidanta. Bayan salla na karɓi safiyata, amma Anti Blessing ta ƙi sakin na rana, wai ba za ta bar makaranta a tsakiya ba, ga shi har ta kai ga sunayen kayan kicin. Burodin ma ta saba da shi, sai dai da ƙullin yajinta take zuwa a jaka tana barbaɗawa. Ran nan na tarar da ƙullin a cikin kabad, an naɗe shi a ƙyalle ɗaya da burodin. Na tambayi Anti ko mantawa ta yi. Ta ce ina, ƙwace mata aka yi.